Farantin Alkakin Hajiya Balki

"Ko shi kaɗai ya rage namiji a ƙasar Damagaram, Auta, ba zan ba shi ke ba. Ki share hawayen nan ki miƙo mini matsami."

Hajiya Balki ce ke wannan magana, tana zaune gaban kaskon mai a tsakar gida, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Raliya, autarta, ta miƙa matsamin, amma hawayen ba ta share ba, don ta san in ta share wasu ne za su biyo.

"Inna, don girman Allah, me Abdulmumin ya yi da zafi haka? Sata ya yi ko zagi?"

"Da ma zagina ya yi, da sai in ce ƙuruciya ce. Farantina ya raina."

Duk wanda ya san unguwar Birni a Zinder ya san alkakin Hajiya Balki. Shekara talatin da ɗoriya tana yinsa, tun mijinta Malam Idirisu yana da rai. Daga Mirriya ake zuwa, daga Gaffati ake aiko, don garar da ba alkakinta a ciki, a wurin matan gari, gara ce ta jeka-na-yi-ka.

Tana kuma da wata al'ada da ta gada wurin uwarta. Duk saurayin da ya zo neman ƴar gidan, ranar da zai gaida iyaye, da hannunta take soya masa alkaki, ta tsoma shi a ruwan sukari da zuma, ta cika wani tsohon farantin tangaran mai zanen fure shuɗi ta aje gabansa. In ya cinye ya shiga. In ya tsaya yanga ya kama gabansa.

"Namijin da ya raina abin da hannun uwa ya yi," in ji ta, "zai raina abin da cikinta ya haifa."

Yayyen Raliya duk ta wannan farantin suka yi aure. Mijin babbar har yau ana tsokanarsa, wai ya lashe shi har furen ya kusa gogewa.

To, ga Abdulmumin, mushen lissafi, wato malamin lissafi, a wani kolej a Zango, wanda Raliya ta ba zuciyarta ba ta rage ko kaɗan ba. Ya zo gaisuwa cikin ladabi, ya durƙusa har ƙasa. Aka aje masa faranti, sai ya dube shi kamar an aje masa kunama, ya ce, "Alhamdu lillahi, Inna, a ƙoshe nake." Ya kurɓi ruwa ya tashi.

"A ƙoshe!" Hajiya ta sake maimaitawa, tana juya alkaki a mai. "Mutum kamar sillen kara, in iska ta taso sai an riƙe shi, wai ni zai ce wa a ƙoshe yake. Ki dubi Mahamud. Ya cinye, ya side yatsa, ya ce ko da ƙari."

Mahamud ɗan duwan ne, wato ma'aikacin kwastan, mai mota da tumbi da fara'a. Baffa Lawali, ƙanin marigayi mahaifin Raliya kuma waliyyinta, shi ya kawo shi. Ba mugun mutum ba ne, gaskiya. Illarsa guda, Raliya ba ta sonsa, kuma ta lura in yana zance da ita idonsa na kan ƙofar madafa.

"Inna, ni za a aura ko alkaki? Mahamud fa kaskonki yake so, ba ni ba."

"Gara mai son kaskona da mai raina shi."

"Wallahi ba raini ba ne. Yana da dalili."

"Faɗi dalilin, ina jin ki."

Dalilin na kan harshen Raliya, amma ta yi wa Abdulmumin alkawari da Allah a tsakani. Sai kawai ta kifa kai a gwiwar uwarta ta fashe da kuka, irin kukan da ƴar shekara ashirin da bakwai take yi in ta tuna ita ce auta.

"Inna, ban taɓa roƙonki komai ba. Yayyena duk kin ba su wanda suke so. Ni da na zauna tare da ke, nake shafa miki man zafi a gwiwa, nake tuna miki maganin tansiyo kada jininki ya hau, ni za ki hana?"

Hannun Hajiya ya kusa sauka kan kan ƴarta, sai ta tuna da farantin da aka mayar mata a cike.

"Ɗaga mini ƙafa, mai zai fallatso miki. Ranar Juma'a Baffanki zai zo daga Mirriya a yanke magana. Ki shirya zuciyarki."

Washegari da hantsi Raliya na shagon ɗinkinta kusa da Kasuwar Dole, tana taka keke ba ta ganin zare, sai ta ji tsayuwar moto, wato babur. Ko ba ta duba ba ta san ƙarar. Abdulmumin ya yi sallama ya zauna a benci, jakar lakwal, wadda yake zuwa makaranta da ita, a cinyarsa, yana murmushin nan nasa da ya jawo mata duk wannan wahala.

"Rali, wa ya taɓa mini ke? Idonki ya yi kamar kin yanka albasar Mirriya kaf."

"Kai ne, Mushe. Ka warware mini alkawarin nan in gaya wa Inna gaskiya."

Murmushin ya ragu.

Ga abin da Raliya ta sani, wanda uwarta ba ta sani ba. Shekara biyu baya, Abdulmumin ya fara jin ƙishirwa da ba ta ƙarewa, ga yawan fitsari, ga rama. Da aka ce suga ne har abokansa sai da suka yi dariya, wai suga ciwon Alhazai ne masu tumbi, ina ita ina ɗan lakwal da ko naman kirki babu a jikinsa. Aka ba shi ƙwayoyi irin na manya, suka yi aiki na ɗan lokaci, suka daina. Sai da ya je Yamai aka yi masa analiz, wato gwajin jini, sannan aka gano cewa sojojin jikinsa ne, waɗanda aikinsu kare shi daga cuta, suka juya suna lalata gaɓar da ke yi masa insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, sannu a hankali. Irin sugar da aka fi sani ga yara ce, tasa dai ta yi latti a hanya. Tun daga nan kullum sai ya yi wa kansa allura a ciki kafin ya ci abinci.

Sojojin ba su tsaya nan ba. Suka taɓa masa maƙoshi, yana shan ƙwaya kowace safiya. Suka taɓa hanji, har ya zama alkama ta zame masa guba. Burodi, taliya, fanke, in ya ci ko ɗan kaɗan sai ciki ya kumbura, ya yi kwana da kwanaki yana safa da marwa tsakanin ɗaki da bayi. Shi da kansa yakan ce, "Sojojin jikina juyin mulki suka yi mini, yanzu sulhu muke."

Alkaki kuwa me ye shi in ba alkama da sukari ba?

Raliya ba ta taɓa jin ƙyamar ko ɗaya ba. Ita ta sayo masa ɗan tulun Mirriya, ta nuna masa ya binne gindinsa a jiƙaƙƙen yashi ya riƙa aje insulin a ciki, don wutar garin nan ba ta da alkawari. Ita ta ɗinka masa ƴar jaka ta aljihu da yake zuba ƙwayoyin sukari saboda ranar da sugar za ta faɗi.

"Rali," ya ce a hankali, "kin san abin da ya faru da ni a Dakusa. An sa rana, an yi komai. Da na gaya musu gaskiya, ko sati ba a yi ba aka mayar mini da kayana a bayan amalanke, wai ba za su ba gawa ƴa ba. Gawa, Rali. Ina tsaye da ƙafafuna."

"Inna ba haka take ba."

"Baffanki fa? Da ma neman hanya yake."

"To sai mu zauna muna kallo a ba Mahamud ni? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Mushe. In ba ka faɗa yau ba, gobe da aure ai za a sani." Hawaye suka sake zubo mata, ta goge da yankin atamfar mutane. "Ni ban ji kunyar ciwonka ba. Kai me ya sa kake jin kunyarsa? Kai ka ɗora wa kanka?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ɗago da wata irin fara'a da ba ta kwanta mata ba.

"Bari kuka. Ranar Juma'a zan zo in ba Inna haƙuri. Na yi lissafina."

"Wane lissafi?"

"Ke dai ki bar wa mushen lissafi aikinsa."

"Abdulmumin, kada ka kuskura ka ci alkakin nan."

"Dakor, na ji, ranki ya daɗe," ya ce yana dariya, ya ta da moto. Ta bi shi da kallo har ya sha kwana, ta lura dariya ya yi, bai rantse ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar zauren Hajiya Balki ya cika da ƙamshin turaren wuta. Baffa Lawali ya hakimce a kan darduma da carbinsa. Mahamud na damansa, shadda sai ƙyalli take. Hajiya na zaune a bakin ƙofar cikin gida, ta miƙe ƙafa saboda gwiwa. Raliya kuwa tana bayan labule, wai tsintar shinkafa take, alhali tun ɗazu ƙwaya guda ke hannunta.

Sai ga sallamar Abdulmumin. Ya shigo cikin sabuwar babbar riga da ta yi masa yawa, ya durƙusa.

"Inna, na zo ban haƙuri. Ranar nan na yi kuskure. In za a taimaka a sake aje mini farantin, wallahi yau ba zan bar ko ɓurɓushi ba."

Raliya ta saki ƙwayar shinkafar.

Abin da ba wanda ya sani a zauren shi ne, kafin ya yi sallama Abdulmumin ya tsaya a lungu, ya ɗaga riga, ya yi wa kansa allurar insulin mai yawa, daidai da sukarin da ya ƙiyasta yana cikin faranti guda na alkaki. Alkamar kuwa ya ce a ransa ta yi abin da za ta yi, kwana nawa ne. Ya lissafa sukari, ya lissafa zuma, ya lissafa minti. Abu guda ya manta bai sa a lissafin ba, zuciyar Hajiya Balki.

Hajiya ta dube shi sama da ƙasa.

"Farantina ba kasuwa ba ne, ɗan nan, da za a taya a tafi a dawo. Wanda ya mayar da shi a cike, sau ɗaya ake aje masa." Ta ɗaga murya. "Auta, kawo wa Mahamud."

Raliya ta kawo farantin mai fure shuɗi, ta aje gaban Mahamud. Ta saci kallon Abdulmumin, a ranta tana hamdala da aka hana shi. Ba ta san komai game da allurar ba. Ta koma bayan labule.

"Inna, ko guda ɗaya ne..." in ji Abdulmumin.

"Ai kai a ƙoshe kake."

Mahamud ya yi bisimilla ya kai loma. Baffa Lawali ya gyara murya ya fara jawabi. Shi kuwa Baffa in ya fara magana, sai dai kiran salla ya tsayar da shi. Ya faro daga kakansu da ya yi fatauci zuwa Kano da raƙuma, ya bi ta kan tsadar gero, ya sauka a kan tarbiyyar yaran zamani.

Abdulmumin ya lallaɓa hannu aljihu yana neman ƴar jakar sukarinsa. Wayam. Tana can cikin tsohuwar rigar da ya tuɓe a gida. Ya yi niyyar tashi ya fita, amma wane mai neman aure ne zai miƙe waliyyi na tsakiyar magana? Ya ce a ransa bari ya daure, yanzu Baffa zai gama.

Baffa bai gama ba.

Gumi ya fara tsattsafo masa a goshi, ya jiƙa hula. Hannunsa ya kama kyarma. Zauren ya riƙa yi masa nisa yana dawowa. Daidai lokacin da Baffa ya kai kan rasuwar yayansa Malam Idirisu, muryarsa ta yi rauni, kowa ya yi tsit, sai Abdulmumin ya ƙyalƙyale da dariya.

Carbi ya tsaya a hannun Baffa.

"Kai! Lafiyarka?"

"Raƙu... raƙuman..." Harshensa ya yi nauyi kamar na mashayi. Ya yunƙura zai tashi, ya tafi luu, ya jingina da bango. Wani abu mai kama da alƙalami ya faɗo daga aljihunsa, murfin ya fita, tsinin allura ya bayyana.

Mahamud ya ɗauka da yatsunsa masu danƙon zuma.

"Wala! Baffa, ka gani? Mu a bakin iyaka kullum muna kama irinsu. Ɗan ƙwaya ne, har ya kai ga yi wa kansa pikir, allura fa. Shi ya sa ya bushe haka."

"Inna lillahi!" Baffa ya miƙe. "Mai shaye-shaye a zauren yayana? Hajiya, kin ga abin da Allah ya tsare mu? A fitar mini da shi!"

Labule ya yaye. Raliya ta faɗo zauren ko mayafi babu, abin da ba ta taɓa yi gaban baƙi ba. Kallo ɗaya ta yi wa gumin da alƙalamin, ta gane komai. Alkawari kuma ya tashi aiki.

"Ba ƙwaya ba ce! Ciwon suga gare shi, insulin ne wannan! Sugarsa ce ta faɗi. Inna, sukari! Don Allah sukari, yanzu!"

Mahamud, da yake ba mugu ba ne, ya turo farantinsa da sauri. "Ga alkaki, tura masa."

"A'a, alkama ce, cikinsa ba ya karɓa. Inna, ruwan sukarin da kika dafa ɗazu, wanda ba a tsoma komai ba tukuna!"

Hajiya Balki, wadda kullum sai an kama ta take tashi, ba wanda ya ga lokacin da ta miƙe. Sai ga ta da ludayi cike da ruwan sukari da zuma ta sirka da ruwan randa. Raliya ta durƙusa kusa da shi.

"Mushe, kana jina? Za ka iya haɗiyewa?"

Ya gyaɗa kai da ƙyar. Ta miƙa hannu za ta karɓi ludayin, Hajiya ta ture ta.

"Matsa, hannunki rawa yake." Ta tallafi ƙeyarsa kamar jariri. "Buɗe baki, ɗan nan. Sha. A hankali. Yauwa, ƙara."

Ba ka jin komai a zauren sai haɗiyarsa da shessheƙar Raliya. Ta laluba jakarsa ta lakwal ta ciro ɗan injin awon suga, ta tsira masa a yatsa ta duba, ta ce a ƙara rabin ludayi. Bayan ɗan lokaci kyarmar ta lafa, idanunsa suka dawo daidai. Ya dubi Baffa a tsaye, ya dubi Raliya ba mayafi, ya dubi kansa a hannun Hajiya, sai kunya ta rufe shi, ya so ƙasa ta tsage.

"Inna, ku gafarce ni."

"Rufe mini baki. Auta, me ya kawo wannan?"

Raliya ta juya kansa, hawaye da fushi sun haɗu. "Allura ka yi don ka ci farantin, ko? Wannan ne lissafin naka? Ka yi allurar faranti guda, ba ka ci komai ba, ka zauna kana kallon mutuwa don kada ka katse Baffa? Kuma da an ba ka, alkamar fa? Sati guda za ka yi a kwance!"

"Na ga sati guda ba shi da yawa," ya ce yana kallon tabarma, "in an auna da rasa ki."

Mahamud ya yi tari. Baffa ya kau da kai yana jan carbi da sauri.

Hajiya ta zauna daɓas, ludayin na hannunta. Nan Abdulmumin ya kwashe komai ya faɗa, tun daga ƙishirwar farko har amalanken Dakusa. Tana ji tana girgiza kai, idonta ya kawo ruwa.

"Ashe ranar nan guba na aje maka, ka rasa bakin faɗa. Ni kuma ina nan ina yayata ka a unguwa wai mai girman kai. Rashin sani ya fi dare duhu." Sai kuma ta haɗe rai, don Hajiya ba ta iya daɗewa cikin tausayi ba tare da faɗa ba. "Amma kai ma sakarai ne. Duk karatun naka? Da ka mutu mini a zaure fa, a ce alkakin Balki ya kashe mutum ba tare da ya ko ɗanɗana ba? Ka so ka kashe mini sana'a!"

Raliya ta yi dariya cikin kuka.

Baffa Lawali ya koma ya zauna. "To, alhamdu lillahi, ba ɗan ƙwaya ba ne, na janye. Amma Hajiya, magana ta ƙara fitowa fili. Suga, maƙoshi, hanji. Wannan ai farmasi ne, ba miji ba. Amanar yayana ce a wuyana. Ga lafiyayye a zaune, mu ɗauki yarinya mu ba mai jinya?"

Abdulmumin ya runtse ido, ya ga amalanke ta sake tsayawa a ƙofar gidansu.

Hajiya ta juya ta fuskanci ƙanin mijinta.

"Malam Lawali, yayan naka da kake ambata, ka taɓa ganinsa da ko ciwon kai? Lafiyayye na aura, ƙato, yana ɗaukar buhun alkama da hannu ɗaya. Da safe ya karya kumallo, kafin azahar an yi masa sutura. Ni mai tansiyo da gwiwa, da kowa ke cewa ba zan kai baɗi ba, ga ni zaune ina aurar da auta. Rai ba a hannun likita yake ba." Ta nuna kansa da ludayi. "Kuma cire hular nan taka mu gani."

"Hula kuma? Me ya kawo hula?"

"Ƙwayoyin tansiyon da kake ɓoyewa a naɗinta don kada iyalinka su sani. Duk zuwan da za ka yi sai ka roƙi ruwa ka juya baya. Ka ce mu mayar da kai gidanku, tunda kai ma farmasi ne?"

Baffa ya dafe hular da hannu biyu kamar za a ƙwace. Ya buɗe baki, a karo na farko a tarihin zauren ya rasa jawabi. Can ya ce ƙasa-ƙasa, "Ni dai sai na ji daga bakin dokta cewa zai iya riƙe iyali."

"Wannan gaskiya ne," in ji Hajiya. "Za mu je tare, ni da kai da su, mu ji da kunnenmu. Kai kuma, ɗan nan, daga yau ɓoye-ɓoye ya ƙare. Ciwo ba sata ba ne."

Mahamud ya duba hagu ya duba dama, ya ga inda iska ta kaɗa. Ya miƙe yana karkaɗe shadda.

"Bon. Hajiya, ni na ga alama nan ba wurina ba ne. Mushe, ka yafe mini maganar pikir, aikinmu ne ya sa mana zargi." Ya dubi farantin. "Sauran nan... ko za a ƙunsa mini?"

"Ranar Litinin ka aiko, zan soya maka sabo," in ji Hajiya. "Wannan bar shi nan."

Ya yi sallama ya fita, bai yi kama da wanda zuciyarsa ta karye ba.

Farantin mai fure shuɗi ya rage a tsakiyar tabarma, da alkaki biyu a ciki suna ƙyalli. Abdulmumin ya daɗe yana kallonsu. Har yanzu ba wanda ya ce an ba shi, kuma ya san dokar gidan, ba a shiga sai ta farantin nan. Ya dubi Raliya, ya cije leɓe, ya yi bisimilla a hankali ya miƙa hannu.

Ƙwas! Ludayi ya sauka a bayan hannunsa.

"In ka taɓa alkakin nan," in ji Hajiya Balki, "ka rasa Auta har abada."

Ta jawo farantin ta tura shi bayanta, inda ko idonsa ba zai kai ba.

"Ai ka riga ka sha na gidan nan, daga hannuna kuma, abin da ko mazan yayyenta ba su samu ba. Auta, tsaye kike? Allurar nan ba ta gama aiki a jikinsa ba, je ki damo masa fura, gero ne ai, ba alkama ba. Ki sa mayafinki kuma, ba a ɗaura ba tukuna."

Raliya ta nufi ƙofa.

"Tsaya. In kin dawo ki zauna ki faɗa mini duk abin da cikin nan nasa yake karɓa da wanda ba ya karɓa. Shekara talatin ban sake hannu a girkina ba, amma dole in koyi wani abu da gyaɗa ko shinkafa. Ba za a kai gara daga gidan Balki ango yana kallo da ido ba."

Raliya ta tsaya cak, hannunta a kan labule. Ta juyo ta dubi uwarta, ta dubi Baffa da ke faman gyara hula bai ce a'a ba, sannan ta dubi Abdulmumin, wanda ke murza bayan hannunsa, hawaye na bin kumatunsa yana dariya.

"Inna," ta ce, "me kika kira shi?"

"Kin ji ni sarai. Je ki kawo furar, kada angon ya sake faɗo mini a zaure."